Yadda Ake Rufe Bel da Bakin Inji: Jagora Ga Masu Inji a Zariya

Duk wanda ya zaga wuraren niƙa da markaɗe a Zariya, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, daga cikin Birni zuwa Samaru, abu ɗaya zai gani: bel yana gudu tsirara, fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kansa, yana juyawa tsirara, yaro yana raɓawa da buhu a ka, mace tana tsaye da bokitin markaɗe iska tana kaɗa hijabinta wajen ƙarfe. Haka abin yake wajen masu tsaga katako da masu buga bulo da masu casar shinkafa, har da injinan casar masara da ke bin gonakin Giwa da Soba da Maƙarfi idan kaka ta yi. Ka tambayi mai inji abin da ya tanada, amsar ba ta wuce "ai kullum muna gaya musu su kula."

Kula kaɗai ba ta isa, kuma lissafi ne ya nuna haka. Moton lantarki irin wanda aka fi ɗaura wa injin niƙa yana juyawa kusan sau 1,450 a minti, wato sau 24 a daƙiƙa guda. Idan faɗin fulinsa santimita 15 ne, bel yana gudun mita 11 a daƙiƙa. Mutum lafiyayye, wanda ba ya jin barci, yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya janye hannu daga abin da ya taɓa shi. Kafin nan bel ya ja kusan mita uku. Babu gwanin da ya fi wannan sauri, kuma wanda ya shekara ashirin a kan inji bai fi sabon yaro tsira ba, don sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Abin da ke tsare hannu shi ne ƙarfe tsakaninsa da abin da ke juyawa, ƙarfen da aka ƙera ta yadda za a yi aikin yini ba tare da an taɓa buƙatar cire shi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda yawancin murafu suke faɗuwa.

Fara da zagaya injin da alli a hannu

Ka kashe inji, ka jira ya tsaya cak, sannan ka zaga shi kana yin alama a duk inda zai iya kama mutum. Mafi sharri shi ne mahaɗar abubuwa biyu masu juyawa: inda bel ke hawa fuli, inda sarƙa ke hawa haƙori, inda giya biyu ko rola biyu suke haɗuwa. Nan ne inji ke jan yatsa, yatsa ya ja hannu. Sai shaf, sandar ƙarfen nan mai juyawa, wadda mutane ke rainawa don tana da santsi. Santsinta ba ya hana ta naɗe zare ko gashi ko bakin mayafi, balle idan akwai kan noti da ya fito ko ƙusa da aka cusa a madadin makullin fuli. Sai abin da ke yanka, da abin da ke matsewa kamar kan injin bulo, da abin da ke iya fashewa ya yi jifa. Kada ka manta da faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke gefen injin dizal.

Idan ka gama zagayawa a tsaye, ka durƙusa ka sake zagayawa. Yaran da ake aikowa niƙa ba tsawonka gare su ba, kuma abin da ke daidai gwiwarka yana daidai fuskarsu. Daga nan ka kira yaran shagonka ka tambaye su inda suke sa hannu inji yana aiki. Ka yi tambayar ba da faɗa ba, in ba haka ba za su ɓoye maka. Za ka ji abubuwan da ba ka sani ba: wannan yana tura bel da ƙafa idan ya zame, wancan yana zura hannu ta mafitar gari idan ta toshe. Kowane wuri da suka ambata ka yi masa alama biyu.

Gyara wurin kafin ka kira mai walda

Wani haɗarin ba ya buƙatar ƙarfe, juya inji kawai yake so. Idan ɓangaren bel yana fuskantar hanyar da mutane ke bi, a juya shi ya koma wajen bango, a bar tazarar da za a iya shiga gyara idan an kashe. A yi kanta ko ɗan gini mai tsawon ƙugu a ƙofa, inda masu kawo niƙa za su ajiye kwano su karɓa. Abokin ciniki ba shi da aiki a bayan wannan kanta. Tsofaffi za su yi gardama, musamman mai son ta ga da idonta ba a rage mata gari ba. A ce mata, "Iya, tsaya nan kina gani, ba abin da zai ɓace miki." Kwana kaɗan za su saba.

Daɓen ƙasa ma a duba shi. Ruwan markaɗe da man inji da ƙaiƙayi su ne ke kwashe ƙafar mutum ya faɗa kan abin da da bai taɓa ba. A yi magudana, a cike ramuka, a sa ƙwan fitila a saman inji.

Ƙera murfin bel

A nan ne ya kamata ka zauna da mai walda, kada ka aika yaro da saƙo. Ku fara da kwali. A yanka kwali a kewaye bel da fuli biyun da shi, a ɗaure da zare, inji a kashe, a ga siffar da murfin zai ɗauka da inda zai tokari wani abu. Gyaran kwali kyauta ne, gyaran ƙarfe kuɗi ne.

Firam ɗin a yi shi da ƙarfen angul, a lulluɓe da ragar waya mai kauri ko farantin ƙarfe mai huji. Raga ta fi, domin iska tana shiga boris, wato mazaunin da shaf ke juyawa a ciki, bai yi zafi ba, kuma kana ganin bel ba sai ka buɗe ba. Girman idon raga shi ne ke yanke nisan da za a bari tsakaninta da abin da ke juyawa, kuma akwai ma'aunin duniya a kan wannan, ISO 13857. Ga abin da ya shafe mu daga cikinsa. Raga mai idon rabin inci tana son tazarar santimita 12, don yatsa yana shiga amma ba zai kai ba. Raga mai idon inci ɗaya ma santimita 12 ta ishe ta idan manya ne kaɗai a wurin, amma inda ƙananan yara ke zuwa ma'aunin ya ce santimita 55, saboda hannun yaro yana wucewa ta wannan ido. Idan ido ya haura santimita 4, hannun babba yana shiga har kafaɗa, sai an ba da santimita 85. Shawarata ga mai injin unguwa ita ce ya tsaya a kan rabin inci da santimita 12. Idan wuri ya matse ba za a sami wannan tazara ba, a sa farantin ƙarfe a daidai fuli, a bar raga a tsakiya.

Mai walda zai ce maka, "Alhaji, gaba kawai za mu rufe, baya ai ba wanda ke zuwa." Kada ka yarda. Ta baya ake zura hannu a ɗauko abin da ya faɗi, ta ƙasa ake share gari, ta sama tsumma ke faɗawa. Murfi ya rufe gaba da baya da sama da ƙasa. Ko bel ɗin da ke sama da kai, matuƙar bai kai mita 2.7 daga inda mutum ke tsayawa ba, a rufe shi, kuma a tuna cewa wanda ya hau tarin buhuna ya ƙara tsawo.

Yadda ake ɗaure shi ma magana ce. Kada a manna shi da walda ya zama ba ya fita, domin ranar da bel ya tsinke da guduma za a ɓalle shi, kuma ba zai koma ba. Kada kuma a rataye shi da waya ko ƙugiya ta yadda kowa zai ɗaga da hannu ɗaya. A ɗaure shi da noti, wanda sai da sifana ake kwancewa. Huɗu sun isa. Idan suka kai goma sha biyu, yaro zai mayar da biyu ya zuba sauran a aljihu. Mafi kyau a yi masa hinjis a gefe ɗaya da noti biyu a ɗaya gefen, ya buɗe kamar ƙofa amma bai rabu da inji ba. Murfin da ake cirewa gaba ɗaya shi ne ake jinginawa a bango "zuwa anjima", bayan wata guda ka same shi an ɗora masa tukunya.

Sai abubuwa uku da ke sa a cire murfi kullum, waɗanda dole a magance su tun a wajen ƙira. Na farko giris: a ƙara wa bakin giris ɗan bututu ya fito waje, a riƙa bugawa murfi na rufe. Na biyu ɗaure bel: notin da ake matsar da moto da shi ya kasance a waje, kuma murfin ya yi tsawon da moto zai matsa baya ba tare da fuli ya goge shi ba. Na uku ƙura: a bar siririyar kafa a ƙasa, wadda ba ta wuce milimita 6 ba, gari da ƙaiƙayi su riƙa zuba. Wajen fenti, firam ya zama ruwan ɗorawa don a gan shi, raga kuma baƙa, domin ido ya fi ratsa baƙar raga fiye da fara mai ƙyalli.

Bayan an ɗaura, tun ba a kunna ba, ka gwada da yatsanka ta kowace kafa, ka juya fuli da hannu ka ji ko yana gogar wani wuri, ka jingina da nauyinka ka ga ko raga za ta lotsa ta taɓa bel. In ta lotsa, a ƙara ƙarfe a tsakiya.

Bakin inji

Bel ne ake gani, amma baki ne ya fi cin yatsu a injin markaɗe da na casa. Tattasai ko jiƙaƙƙen wake ya ƙi sauka, sai a danna da hannu, ƙarfen da ke murɗawa a ƙasa ya kama. Hanya biyu ce. Ko dai a ƙara wa mazubin tsawo har daga bakinsa zuwa inda ake cin kaya ya kai santimita 85, 90 inda yara ke zuwa, ko a gitta sandunan ƙarfe a cikinsa ta yadda hatsi zai wuce hannu bai wuce ba. Ga injin markaɗe a sassaƙa muciyar dannawa ta itace mai kai kumburarre, kan ya fi maƙogwaron inji faɗi, ta yadda ko an sake ta ba za ta kai ga ƙarfe ba. A ɗaure ta da ɗan gajeren igiya a jikin inji don kada a ce an nema an rasa.

Injin casar masara da na dawa suna son doguwar tire a baki, rufaffiya daga sama, mai turawa yana nesa da ganga. A ƙara kula da yamma lokacin kaka, an gaji, ana sauri a gama kafin magariba. A riƙa canja mai tura kaya.

Mafita ma baki ce. Injin niƙa mai guduma yana ci gaba da juyawa bayan an kashe shi, shiru, ba ƙara. Idan ya toshe, a kashe, a kalli fuli ta raga har ya tsaya, sannan a buɗe.

Wuta da kwaɗo

Wannan ɓangaren namu ne musamman, saboda yadda wutarmu ke ɗaukewa ta dawo ba sallama. An ɗauke wuta ana tsakiyar niƙa, yaro ya ga dama ta samu ya buɗe inji yana kwashe abin da ya maƙale, makunni yana nan a kunne. Aka kawo wuta. Duk shagon da ke kunna moto da makunnin wuƙa, wanda ake ɗagawa a bar shi a sama, yana cikin wannan haɗari kowace rana.

Maganinsa sitata mai maɓalli biyu, kore da ja. A cikinta akwai maganaɗisu da ke riƙe da layin muddin akwai wuta. Wuta na ɗaukewa sai ya saki, kuma ko ta dawo inji ba zai tashi ba sai an sake danna kore. Kowane mai wayarin na kirki ya san ta. Ka ce ya sa maka jan maɓalli babba mai fitowa waje, a inda mai aiki zai buge shi da tafin hannu ko gwiwa ba tare da ya miƙa ta kan inji ba, kuma kowa a shagon, har mai shara, ya san inda yake.

Sitata ba ta hana wani ya zo ya danna kore kana ciki kana gyara. Don haka akwatin babban makunni ya zama yana da wurin kwaɗo. Mai gyara ya kashe, ya sa kwaɗonsa, ya jefa makulli a aljihunsa, ya danna kore ya tabbatar ba ta tashi ba, sannan ya sa hannu. Idan su biyu ne, kwaɗo biyu. Shagon da ke da janareta ya tabbatar kwaɗon ya tsare layukan biyu. Injin dizal kuma a kashe shi gaba ɗaya, a cire hannun tayarwa a ajiye wajen mai gyara. Sauke bel da sanda inji yana gudu, ko mayar da shi da ƙafa, ko shafa masa wani abu don ya daina zamewa, duk a hana su. Bel ɗin da ke zamewa ɗauri yake so ko canji.

Zarto, giranda da tarakta

Injin tsaga katako yana buƙatar murfi a saman zarto, wanda ake saukewa kusa da katako, da siririn ƙarfe a tsaye a bayan zarto don kada tsagar ta matse ta harbo katako cikin mai aiki. Tazarar wannan ƙarfe da haƙoran zarto kada ta wuce milimita 8. Santimita 30 na ƙarshen kowace tsaga da sanda ake turawa, sanda mai tsawon santimita 45 da ɗan baki a kai. Ƙarƙashin tebur ma a rufe, don can ake kwasar dusar katako.

Masu walda kuwa sun san laifinsu: sabuwar giranda, injin hannun nan mai faifai na yanka da goge ƙarfe, na zuwa, murfinta ne farkon abin da ake kwancewa. Ƙaramar giranda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti, alhali babban faifai mai inci tara an yi shi ne don kusan 6,600. Wanda ya cire murfi ya ɗaura babban faifai a ƙaramar giranda ya ba shi gudun da ba zai ɗauka ba, kuma idan ya tarwatse fuska da wuya yake nema. Adadin yana rubuce a jikin kowane faifai, a karanta. Zarton katako ba ya hawa giranda ko da wasa. Dutsen wasa wuƙa na kan benci kuma, madogarar ƙarfen da ke gabansa kada ta yi nisan da ya wuce milimita 3 daga dutsen.

Shaf ɗin bayan tarakta da ke juya injin casa yana juyawa sau 540 a minti, sau tara a daƙiƙa. Da rigar roba yake zuwa da 'yar sarƙa mai hana ta juyawa. In ta fashe a saya wata, kuma kada kowa ya tsallaka shi, a zagaya.

Sutura da sababbin yara

Babbar riga, rawani, kaftani mai faɗin hannu, carbi a wuya, zobe, duk a cire kafin a tsaya gaban inji. Matan da ke aiki a wajen sarrafa shinkafa ko gyaɗa ba sai sun bar suturarsu ba: ƙaramin hijabi mai kama jiki, a cusa bakinsa cikin rigar aiki, gashi a ɗaure ciki. Dogon hijabi idan shaf ya kama shi wuya yake shaƙewa, gashi kuma da fatar kai yake tafiya. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar ƙarfe, amma kusa da abin da ke juyawa ita kanta abin kamawa ce, a cire.

Sabon yaro ya fara da kallo. Abu na farko da za a koya masa shi ne yadda ake kashewa, kunnawa ta biyo baya. A gaya masa a gaban kowa cewa idan ya ga murfi a buɗe yana da ikon ya ce, "Maigida, ba zan kunna ba sai an rufe," kuma ba za a rage masa ko sisi ba. Idan maigida da kansa yana aiki murfi a buɗe, wannan magana ta tashi a banza. Ƙananan yara da almajirai masu neman ɗan abin kai wa baki ba su da wuri a bayan kanta.

Kowace safiya kafin a tayar, minti biyu sun isa: murafu suna nan, notuna a ɗaure, raga ba ta yage ba, jan maɓalli yana kashewa. Girgizar inji tana kwance noti a hankali, sai a sa wasa mai tsaga, wato ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, ko noti biyu.

Doka, da ranar da abu ya faru

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace injin da ke ba da ƙarfi, da bel da shaf da ke kai ƙarfin, da duk wani sashe mai haɗari, kuma jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke da hurumin dubawa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, inda ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Tun 1963 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 119, wadda ta ce kada ma a sayar ko a ba da hayar inji ba murfi. Wannan hujja ce a hannunka idan za ka sayi sabon inji wajen maƙeran gida: a sa murfi cikin ciniki tun farko, kada a kawo maka shi tsirara a ce sauran naka ne.

Idan inji ya kama mutum, a kashe shi tukuna, kada a ja mutumin yana gudu. A danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a ci gaba da dannewa har asibiti. Kada a zuba baƙin mai ko toka ko ƙasa ko garin magani. Idan yatsa ya fita, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Kada a ba shi abinci ko ruwa, don mai yiwuwa a yi masa tiyata. Babban rauni a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ba kemis ba, kuma a tanadi lambar mai mota ko mai keke tun yau a rubuta a bango. Injin kuma ya zauna da kwaɗo har sai an gano ta inda hannun ya shiga an rufe wurin.